Daga jan fure zuwa jan tumatir: tarihin tsabtar baki a ƙasarmu da abin da ya rataya a wuyan mai gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi harshe da leɓɓa biyu, Ya fitar masa da tsirrai daga ƙasa masu launuka daban-daban. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, da ke ƴar'uwa, wani daga cikin matasan da ke bibiyar karatunmu ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji ana cewa jan launin da ke cikin tumatir yana gyara dasashi, to shin wannan magana tana da tushe, kuma shin tana rage wani abu daga matsayin asuwaki? Na ga amsar ba za ta gamsar ba sai mun koma baya, mun duba yadda iyayenmu na Tasawa da Mayahi suka kula da bakinsu, da abin da malaman fiƙihu suka faɗa, da abin da likitoci suka gano daga baya. Ka yi haƙuri da tsawon bayanin, domin a ƙarshensa akwai maganar rayukan ƴaƴanmu.

Fasali na farko: asuwaki a zamanin Manzon Allah

Ka sani baki shi ne hanyar Alƙur'ani. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san cewa haruffa da yawa suna dogara ga haƙora. Ta'un da dalun suna fita ne tsakanin kan harshe da tushen haƙoran gaba na sama, ladun kuwa tana jingina ga turamen haƙora na gefe. Na yi salla bayan dattawa mahaddata waɗanda haƙoransu suka zube, na ji yadda suke fama da harafin da a da ba ya ba su wahala. Wanda ya kiyaye haƙoransa ya kiyaye wani ɓangare na karatunsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya so ya umarci al'ummarsa da yin asuwaki a kowace salla, tsoron tsananta musu ne kawai ya hana shi. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa asuwaki ne abin da yake farawa da shi idan ya shiga gida. Imamu Ahmad ya kawo labarin Abdullahi ɗan Mas'udu, ranar da ya hau itacen arak don ya tsinko asuwaki, iska ta bayyana siraran ƙwaurinsa, wasu suka yi dariya, Annabi ya sanar da su nauyin ƙafafun nan a ma'auni ranar ƙiyama. A shekara ta 11 bayan hijira, cikin ciwon ajali, Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo riƙe da asuwaki, Annabi ya bi shi da kallo, A'isha ta gane, ta karɓa ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi. Abin da mutum bai bari ba a irin wannan sa'a, ai ka san ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Malaman da suka biyo baya sun ɗora ilmin likitanci a kan wannan sunna. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya zana kayan ƙarfe na kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, ya bayyana cewa wannan datti yana ɓata dasashi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijiriyya, ya yabi asuwaki, sannan ya gargaɗi mai yi da kada ya wuce kima har ya kankare ƙyallin haƙoransa.

Fasali na biyu: abin da ya iso mana ta littattafan zaure

Mu a nan, hukuncin asuwaki ya zo mana ta littattafan mazhabar Imamu Malik da muka karanta a zaurukan malamanmu, tun daga Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala da Muhtasar. A cikinsu an lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala, an kuma ce wanda bai sami icce ba ya goga da yatsa. Masu sharhi suka ƙara cewa a fara daga dama, a bi haƙora ta faɗi, a bi harshe ta tsawo. Sun halatta wa mai azumi busasshen asuwaki duk tsawon yini, sun karhanta masa ɗanye don kada ruwansa ya wuce maƙogwaro. Sun hana yin asuwaki da iccen da ba a san shi ba, don gudun cuta. Akwai kuma wata mas'ala da ta shafi maganarmu kai tsaye: a ƙasashen Magrib mata suna goge baki da ɓawon itacen jauza, wanda ke mayar da leɓɓa ja, sai malamai suka hana maza amfani da shi domin ado ne na mata. Ka ga tun a wancan lokaci sun raba abu biyu, abin da ke tsabtace baki da abin da ke rina shi.

Itacen arak bai wadatu a yankinmu ba, galibi sai a tsarabar alhazai ko a hannun fatake. Saboda haka iyayenmu suka nemi madadinsa a dajin da ke kewaye da su. Sun yi asuwaki da reshen aduwa, da jiga, da marke. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, baƙo ne daga ƙasar Indiya, a zamanin Turawa ya shigo, amma yau shi ne asuwakin da ya fi kusa da hannun talaka, daga Korgom har Kanembakashe. Wasu kuma sukan haɗa da garin gawayi ko gishiri.

Fasali na uku: zamanin fure da goro

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin sirrin launin tsirrai. Lokacin da Bajamushen nan Hainrik Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri a watan Janairun 1851, cikin abubuwan da ya rubuta har da marinar garin. Da baba ake rina tufa, da karan dafi ake jan fata, da lalle ake ƙunshi. Baki ma bai tsira daga wannan son launi ba. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda ya isa Kano a 1824, ya lura cewa mutane suna rina haƙora da leɓɓa da furanni, ciki har da furen taba. Wannan shi ne abin da kakanninmu mata ke kira fure kawai. Na tashi na iske kakata tana zama da hantsi, ta ci goro, ta ɗauki fure ta yi ta gogawa har haƙoranta su yi jajir, kuma a idon tsararta macen da haƙoranta suke fari fat kamar ba ta gama kwalliya ba ce.

Abin lura shi ne, abubuwan nan biyu duk baƙi ne. Goro daga kurmin Asante yake zuwa, fataken Gwanja ke ɗauko shi daga kasuwar Salaga, tafiyar watanni a kan jakuna. Taba kuwa asalinta nahiyar Amurka, ta iso ƙasashen Sudan wajen ƙarshen ƙarni na 16, har malamai suka yi saɓani a kan hukuncinta, kuma Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kan mas'alar. A zamaninsu cutarwarta ba ta bayyana ba kamar yadda ta bayyana yau. Yanzu likitoci sun tabbatar cewa taba, ko ta hayaƙi ko wadda ake cusawa a kumatu haɗe da kanwa, tana lalata dasashi, kuma tana cikin manyan sabubban ciwon dajin baki. Al'adar fure ta kusa ƙarewa, amma tabar kanwa tana nan a bakin dattawanmu da wasu matasa. Ba don aibata iyayenmu na kawo wannan ba, Allah Ya jiƙansu. Sun yi aiki da abin da suka sani. Sai dai jan da suka shafa a bayan haƙori ado ne kawai, wani lokaci ma yakan ɓoye jinin dasashi mai ciwo, ba a gane ba sai haƙori ya fara girgiɗi.

Fasali na huɗu: jan da ake ci

Daga nahiyar da taba ta fito, daga can tumatir da barkono suka fito. Mutanen Sifaniya ne suka kai tumatir Turai a ƙarni na 16, kuma bai zama ruwan dare a tukwanenmu ba sai a ƙarnin da ya wuce. Kafin nan miyar gidajenmu ta kuka ce, da kuɓewa, da yakuwa, da lalo, sai kwaɗon zogale da tafasa da rama. Yau ga ɗanyen tumatir lokacin sanyi daga masu noman rani, ga kauɗa da ake shanyawa a ajiye, ga na gwangwani a kowane tebur.

Sinadarin da ke ba tumatir launinsa shi ne masana suka raɗa wa suna laikofin a 1903, daga sunan tumatir a yaren masana tsirrai. Ana samunsa a kankana, da jar gwaba, da jar gwanda. Yana da ƴan'uwa a cikin tsirrai, mafi shahararsu shi ne karotin, mai launin ruwan ɗorawa da ja-ja, wanda ke cikin mangwaro da karas da kabewa da manja, kuma yana ɓoye a ƙarƙashin koren ganyen zogale. Jiki yana mayar da karotin bitamin A, wanda ke kiyaye ido da lallausar fatar cikin baki da ƙarfin yaƙi da cuta.

Ga yadda abin yake aiki, gwargwadon bayanin likitoci. Ragowar abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Jiki yakan tura dakarunsa su yaƙe su, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. A wannan yaƙi ana sakin wasu sinadarai masu ƙuna, waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta amma suna cin naman dasashin shi kansa idan abin ya daɗe. Laikofin yana cikin abubuwan da ke kwantar da irin waɗannan sinadarai. An yi ƙananan gwaje-gwaje, mafi yawansu a Indiya, inda aka kankare wa masu ciwon dasashi dattin haƙora, sannan aka ba wasunsu laikofin, kuma a wasu gwaje-gwajen kumburin waɗanda aka ba ya fi saurin sauka. Ka lura da tsarin, sai da aka fara cire dattin. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, don haka masana suna ɗaukar laikofin a matsayin mataimaki, ba su kai shi matsayin magani ba. Wanda ya tallata maka kwalba a waya ya ce tana tsayar da haƙori mai girgiɗi, ka riƙe kuɗinka ka sayi kayan miya.

Wani abin godiya ga Allah shi ne, jiki ya fi cin moriyar laikofin idan an dafa tumatir da ɗan mai. Ke nan miyar da uwargida ta soya da man gyaɗa ta wadatar, kuma kauɗa da na gwangwani ba su rasa shi ba.

Alaƙar abinci da dasashi tsohon ilmi ne. Matuƙan jiragen ruwa na Turai sun yi ƙarnoni suna mutuwa da wani ciwo da ke farawa da kumburin dasashi da zubewar haƙora, saboda watannin da suke yi ba ɗanyen abu. A 1747 wani likitan jirgi, Jemis Lind, ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12, waɗanda aka ba lemo su ne suka farfaɗo. Daga baya aka gane bitamin C ne suka rasa. Wannan bitamin yana da yawa a garin ƴaƴan kuka da yaranmu ke tsotsa, da gwaba, da lemon tsami, da ɗanyen tumatir. Shi zafin wuta yana rage shi, don haka a haɗa dafaffe da ɗanye.

Fasali na biyar: zaizayar baki

Yanzu na zo kan abin da ya sa na tsawaita. Duk wanda ya yi wayo a jihar Maraɗi yana tuna shekarar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004, lokacin da rumbuna suka bushe, uwaye suka cika cibiyoyin ciyar da yara. A wannan shekara wata baiwar Allah ta kawo mini yaronta, bai wuce shekara uku ba, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Kuncinsa ya kumbura, bakinsa yana wari, yana ta dalalar da miyau. Ta ce iska ce ta taɓa shi. Na yi masa tofi, na yi addu'a, na sallame su, ban ce mata ta wuce asibiti ba. Bayan ƴan kwanaki aka ce mini kuncin ya yi baƙi ya huje. Yaron ya rayu da ikon Allah, amma da fuskar da ba irin wadda aka haife shi da ita ba. Har yau ina neman gafarar Allah a kan kalma ɗaya da ban faɗa ba. Addu'ar da na yi gaskiya ce, amma Annabin da ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani.

Wannan ciwo shi ne likitoci ke kira noma, Hausawa ke ce masa zaizayar baki. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, idan kuma bakin ba ya samun tsabta. Yana farawa da ciwon dasashi, cikin kwanaki kaɗan ya ci nama da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa, alhali idan an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Akwai cibiyar kula da masu wannan ciwo a Damagaram tun 1992, akwai asibitin yara masu noma a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ciwo ne da ke shigowa ta ƙofa biyu, bakin da ba a wankewa da cikin da ba ya samun abin da ya kamata.

Fasali na shida: abin da ya hau kanka

Ya ɗan'uwa, ciyar da iyali wajibi ne a kan mai gida gwargwadon ikonsa, kuma kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Ciyarwa ba ta tsaya ga auna gero ba. Yaron da ke shan fura da tuwo kullum ba ganye ba ɗan itace, cikinsa ya cika amma jikinsa yana bin bashi. Da yawa daga cikinmu ba ma rasa kuɗin goro da shayi da sukari, sai a kuɗin cefane hannu ke nauyi. Sukarin nan kuwa, da alewar da muke saya wa yara don su yi shiru, su ne abincin ƙwayoyin da ke huda haƙori.

Ga abin da nake yi maka wasiyya da shi, ni ma ina yi wa kaina. Ka riƙi asuwaki a kowace alwala, da lokacin tashi daga barci, da kafin kwanciya, ka yanke kansa idan ya tsufa, kada mutum biyu su yi tarayya a guda. Wanda ya sami buroshi da man goge baki ya haɗa, ba su kore sunna ba. Ke uwa, ki goge wa ƙaramin yaro dasashi da tsumma mai tsabta da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, idan ya yi wayo ki koya masa asuwaki kamar yadda kike koya masa Fatiha. Ku sa launi a cikin kwanon yara: jan tumatir ko kauɗa, koren zogale, mangwaro da kankana a lokacinsu, garin kuka a kunu. Zogale ɗaya a bayan ɗaki, inda ruwan alwala ke zuba, yana ciyar da gida. Ku kai yara rigakafin ƙyanda. Mai cusa taba ya ji tsoron Allah a kan jikin da aka ba shi amana.

Jinin dasashi ba ya warware alwala a mazhabarmu, amma kada wannan sauƙi ya sa ka raina shi, domin dasashi mai lafiya ba ya jini don an taɓa shi da asuwaki. Idan kuwa ka ga yaro da warin baki mai tsanani, da dasashi mai jini, da kumburin kunci ko leɓe, to a ranar za a kai shi wurin likita, ko da kuwa sai an ɗauki amalanke. Ina roƙon ƴan'uwana limamai da malaman allo, waɗanda galibi mu ake fara kawo wa irin waɗannan yara, mu yi addu'a, sannan mu ce a wuce asibiti yanzu, in da hali mu raka.

Amsar mai tambaya ke nan: maganar jan tumatir tana da tushe gwargwadon yadda na bayyana, kuma ba ta rage komai daga asuwaki ba. Asuwaki yana cire ƙazanta daga waje, abinci mai kyau yana ƙarfafa dasashi daga ciki, likita kuma yana da nasa wurin idan ciwo ya sauka.

Allah Ya tsarkake bakunanmu daga ƙazanta da ƙarya da giba, Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Shi ne mafi sani. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai iya karatu ba, musamman iyayenmu mata.